Araha Ba Ta Ado? Kimiyyar Ƙara wa Ruwan Ninƙaya Kalsiyam da Kuɗi Kaɗan

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ruwa iri-iri ne. Mata masu wanki sun daɗe da gane cewa ruwan sama yana sa sabulu kumfa nan da nan, alhali ruwan wasu rijiyoyin sai an cinye rabin sabulun kafin a ga kumfar kirki. Haka kuma duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi, ya ga wani farin ƙanzo manne a gindinta. Abu guda ne ke haddasa waɗannan al'amura biyu, wato sinadaran kalsiyam da maganiziyam da suka narke a cikin ruwan. Yawan waɗannan sinadarai shi masana ke kira taurin ruwa. Idan sun yi yawa a ce ruwan yana da tauri, idan sun yi kaɗan a ce yana da laushi.

Galibi ana ɗaukar tauri a matsayin aibi a ruwa. Amma akwai wurin da ake sayen tauri da kuɗi a zuba a ruwa da gangan, shi ne kwamin ninƙaya da aka gina da siminti. A Amurka akwai gidaje kimanin miliyan 10 masu wurin ninƙaya, a Faransa kuma sun haura miliyan 3. A waɗannan ƙasashe kantunan kayan ninƙaya na sayar da maganin ƙara tauri a ƙananan robobi da tsada, shi ya sa masu gidaje suka daɗe suna neman abin da zai maye gurbinsa da araha. Wasu sun dace, wasu kuma sun lalata ruwansu. Bambancin da ke tsakanin waɗanda suka dace da waɗanda suka yi asara darasi ne na kimiyya wanda ɗalibin sakandare zai iya bi daki-daki, kuma ya shafi otal-otal da makarantu da gidajen da ke da irin wannan kwami a nan ƙasarmu.

Ruwa mai yunwa

Ana auna tauri da miligiram a kowace lita ɗaya ta ruwa, ana lissafa shi kamar a ce duk kalsiyam kabonet ne, wato CaCO3, sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Ruwan da taurinsa bai wuce miligiram 60 a lita ba mai laushi ne, wanda ya haura 180 kuwa mai tauri ne ƙwarai. Ga kwamin siminti, ƙa'idar da masu sana'ar suka yarda da ita ita ce taurin kalsiyam ya tsaya tsakanin miligiram 200 da 400 a lita.

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne, shafen siminti da simintin da ke riƙe da tayil duk cike suke da kalsiyam. Ruwan da ba shi da isasshen kalsiyam tamkar mai jin yunwa ne, yakan narkar da wanda ya samu a kusa, kuma mafi kusa shi ne bangon kwamin. Sannu a hankali sai shafen ya yi kaushi, ya yi ramuka-ramuka, tayil ya fara ɓamɓarewa. Idan kuma kalsiyam ya yi yawa, ruwan ya ƙoshi har ya kasa riƙewa, sai ya amayar da shi a matsayin farin ƙanzo a jikin bango da bututu da matatar ruwa.

Wanda ya fara tsara lissafin wannan al'amari shi ne Wilfred Langelier na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, a shekarar 1936, yayin da yake nazarin bututun ruwan sha. Ya nuna cewa abubuwa biyar ke haɗuwa su nuna ko ruwa zai ci bango ko zai aza masa ƙanzo: yawan kalsiyam, ma'aunin pH wanda ke nuna tsami ko kaifin ruwa, yawan bayikabonet da ke hana pH hawa da sauka, zafin ruwan, da jimillar gishirin da ya narke a ciki. Idan aka haɗa su sukan ba da lamba guda. Lambar da ta faɗi ƙasa da -0.3 alama ce ta ruwa mai yunwa, wadda ta haura +0.3 kuma ta ruwa mai aza ƙanzo. Ninka kalsiyam sau biyu, alal misali daga 100 zuwa 200, yana ɗaga lambar da 0.3.

A nan ma akwai tanadi na farko. Kwamin da aka yi da roba ko aka shimfiɗa wa leda ba shi da kalsiyam ɗin da ruwa zai ci, saboda haka buƙatarsa ba ta kai ta kwamin siminti ba.

Ina ruwan masanin halittu?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ilimin halittu da batun bango da siminti? Amsar tana wurin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Bangon da ruwa ya cinye ya yi kaushi mafaka ne ga gansakuka da bakteriya, domin sukan maƙale a ramukan inda buroshi ba ya kai wa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda kulorin ke wahalar ratsawa.

Na biyu, ƙarfin kulorin ya dogara ne a kan pH. A pH 7.5 kusan rabin kulorin da ke ruwa yana cikin siffarsa mai saurin kisa, amma da pH ya kai 8.5, kashi ɗaya cikin goma kawai ke saura a wannan siffa. Shi ya sa ake tsayar da pH na ruwan ninƙaya tsakanin 7.2 da 7.8. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nuna cewa miligiram 1 na kulorin a lita, a pH 7.5, yana kashe bakteriyar E. coli cikin ƙasa da minti ɗaya, ƙwayar ciwon hanta nau'in A cikin minti 16, ƙwayar Giardia mai sa gudawa cikin minti 45, ita kuwa Cryptosporidium takan jure fiye da kwana 10. Idan haka abin yake a ruwan da aka daidaita, to duk abin da aka zuba ya ɗaga pH ya tsawaita rayuwar waɗannan ƙwayoyi a ruwan da yara ke kurɓa suna wasa.

Na uku, ruwan da ya yi fari kamar an kaɗa nono yana ɓoye gindin kwami. Yaron da ya nutse a irin wannan ruwa ba a ganinsa daga baki. Idan kuma mai gida ya gaji ya yi watsi da kwamin, kulorin ya ƙare, cikin 'yan kwanaki sai tsutsar sauro ta gaje wurin.

Abin da ke cikin robar kanti

Idan aka karanta rubutun da ke jikin robar maganin ƙara tauri, za a ga sinadari ɗaya ne tak a ciki, wato kalsiyam kulorayid, CaCl2. Gishiri ne fari mai saurin narkewa, wanda a awon da ake zubawa ba ya sauya pH sosai. Kuma ba abu ne mai wuyar samu ba. Ana tace shi daga ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ake yi a jihar Mishigan ta Amurka, ana kuma samunsa a matsayin rarar masana'antar sodar wanki, bisa dabarar da Ernest Solvay na ƙasar Beljiyam ya ƙirƙiro a shekarun 1860. Ana amfani da shi wajen narkar da ƙanƙara a kan tituna, da kwantar da ƙura a hanyoyin burji, da haƙar rijiyoyin mai, da hanzarta ƙamewar kankare, da haɗa cuku da abincin gwangwani.

Ke nan tsadar ƙaramar robar ba ta sinadarin ba ce kaɗai. Akwai kuɗin roba da suna da kanti, akwai kuma kuɗin tabbacin cewa ba a gauraya shi da wani abu ba. Wanda ya bar robar ya sayi buhu ya rage kuɗi, amma aikin tabbatar da tsabtar kayan ya dawo wuyansa.

Arahar da ke ado

Hanya ta farko ita ce sayen sinadarin a babban buhu. A Amurka da Turai, inda ake dusar ƙanƙara, ana sayar da shi da hunturu a matsayin gishirin narkar da ƙanƙara. A ƙasashe masu zafi irin namu babu wannan kasuwa, sai dai a nemi buhun a wurin dillalan sinadaran masana'antu. Iri biyu aka fi samu: mai falle-falle wanda kashi 77 cikin 100 nasa kalsiyam kulorayid ne, yawancin saura kuma ruwa ne da ke ɗaure a jikinsa, da mai ƙwaya-ƙwaya wanda ya kai kashi 94. Dukansu suna aiki, muddin buhun ya faɗi sunan sinadarin da kasonsa ɓaro-ɓaro.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar sayen sabon abu. Garin kulorin da aka sani da HTH, sunansa na kimiyya kalsiyam haifokulorayit, yana ɗauke da kalsiyam a jikinsa. Duk miligiram 10 na kulorin da ya bayar a lita, yakan bar tauri na kimanin miligiram 7. Kwamin da ke cin miligiram 2 na kulorin a lita kowace rana zai ƙaru da tauri kimanin 42 a wata guda. Wanda ruwansa ya gaza kaɗan, kuma ba ya gaggawa, ya koma amfani da wannan gari na wasu makonni, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sai dai a kiyaye, sunayen biyu sun yi kama amma halinsu ya sha bamban. Ba a zuba garin kulorin da awon kalsiyam kulorayid, ba a kuma haɗa shi da asid ko da wani nau'in kulorin a mazubi ɗaya, domin yana iya kama wuta ko ya fitar da iska mai guba.

Hanya ta uku ita ce ruwan rijiya mai tauri. Ruwan sama da na madatsu da wanda ya ratso duwatsun da ba su da farar ƙasa galibi mai laushi ne, amma rijiyoyin yankin da ke kan dutsen farar ƙasa sukan ba da ruwa mai tauri. Idan akwai irin wannan rijiya a kusa, cike gurbin ruwan da ya ragu da ita yana ƙara kalsiyam kyauta. Sharaɗin shi ne a fara gwada ruwan a bokiti da ɗan kulorin. Idan ya koma ja ko ruwan ƙasa, to akwai ƙarfe a narke a ciki, kuma zai ɓata bango.

Arahar da ba ta ado

Mafi yawan buhunan narkar da ƙanƙara gauraye ne. A ciki akan sami gishirin girki, da maganiziyam kulorayid, da yuriya irin ta taki, da rini, da sinadarin hana dunƙulewa. Gishirin girki ba shi da kalsiyam ko kaɗan. Yuriya kuwa tana cinye kulorin, tana haifar da sinadaran da ke sa wari da jan ido, tana kuma ciyar da gansakuka. Buhun da bai bayyana abin da ke cikinsa ba, a bar shi a kanti.

Sai garin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta jihar Gwambe don yin siminti, tare da danginsa, ɓawon ƙwai da na katantanwa. Dukansu kalsiyam kabonet ne, kuma a ido sun fi komai dacewa. Matsalarsu ita ce ba sa narkewa. Lita guda ta tsabtataccen ruwa miligiram 13 zuwa 14 kacal take iya narkarwa, sai fa idan ruwan yana da tsami. A ruwan da pH nasa ke 7.5, garin zai yi ta yawo ne ya gurɓata ruwa, sannan ya toshe matata.

Ƙonanniyar farar ƙasa da aka jiƙa, wadda ake shafe bango da ita, ta fi wannan haɗari. Tana narkewa daidai gwargwado, amma kaifinta ya yi yawa: ruwan da ya ƙoshi da ita pH nasa ya kai 12.4. Adadin da ake buƙata don ƙara tauri da 150 zai iya tura pH na kwami sama da 10, inda kulorin ya zama kamar babu, ruwan kuma ya ƙona ido da fata. Daɗin daɗawa, tana haɗuwa da bayikabonet ɗin ruwan ta fitar da kalsiyam a matsayin farar laka. Wannan ita ce dabarar da Thomas Clark na Abadin a Sikotilan ya yi wa rajista a 1841 domin rage wa ruwa tauri. Wato mai neman ƙari ya ɗauko maganin ragi.

Jifsam, wato kalsiyam salfet, irin wanda ake haƙa a yankin Fika ta jihar Yobe, shi ne a tsaka-tsaki. Lita guda tana narkar da fiye da giram 2 nasa, ba ya ɗaga pH, masu kiwon kifi ma suna amfani da shi don ƙara wa tafki tauri. Amma yana jinkirin narkewa, ɗanyensa cike yake da yumɓu, kuma duk tauri 100 da ya ƙara yana tafe da salfet 96. Salfet idan ya taru yana shiga siminti ya kumbura shi har ya tsage. Garin POP da ake yin silin da shi jifsam ne da aka gasa, kuma da ya ji ruwa kaɗan zai daskare ya zama dutse a cikin bokitin.

Lissafin awo

Nauyin ƙwayar kalsiyam kabonet 100 ne, na kalsiyam kulorayid kuma 111. Saboda haka, don ƙara tauri da miligiram 10 a lita cikin ruwa lita 1,000, ana buƙatar giram 11.1 na tsantsar sinadarin. Idan mai kashi 94 ne ya zama giram 11.8, idan mai kashi 77 ne kuma giram 14.4.

Mu ɗauki kwami mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, da matsakaicin zurfi mita 1.2. Yana cin lita 60,000. A ce an auna an sami tauri 100, ana son a kai shi 250, gibin 150 ke nan. Za a buƙaci kimanin kilo 13 na mai falle-falle, ko kilo 10.6 na mai ƙwaya-ƙwaya. Daga nan ake gane araha ta gaskiya: a raba kuɗin buhu da nauyin tsantsar sinadarin da ke ciki. Buhu mai kilo 25 na kashi 77 yana ɗauke da kilo 19.25 ne kawai, na kashi 94 kuwa kilo 23.5.

Awon da ya fi inganci shi ne na ɗigo, inda ake ɗiga sinadarin EDTA a samfurin ruwa ana ƙirgawa har launinsa ya juya daga ja zuwa shuɗi. Takardun tsomawa sun fi sauƙi, amma yawancinsu jimillar kalsiyam da maganiziyam suke nunawa, saboda haka suna iya ruɗin mai awo.

Yadda ake zubawa

Kalsiyam kulorayid yana fitar da zafi idan ya narke. Kilo ɗaya na mai ƙwaya-ƙwaya a lita 10 yana ɗaga zafin ruwan da kimanin digiri 17, idan kuma ruwan ya yi kaɗan zafin zai iya ƙona hannu. Don haka a sa safar hannu da tabarau, a cika bokiti da ruwa tukuna, sannan a riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan ana motsawa. Ba a zuba ruwa a kan gari. A zagaya da ruwan bokitin gefen kwami, injin yana aiki, babu kowa a ciki. A raba awon kashi uku, a zuba kashi ɗaya, a bari ruwan ya zagaya na wasu sa'o'i, a sake aunawa kafin a ƙara. Kada a zuba shi rana ɗaya da sodar wanki ko bakin soda, domin za su haɗu su mai da ruwan fari. Ragowar buhun a ɗaure shi tam, saboda yana zuƙar laima daga iska har ya zama ruwa.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, kalsiyam yana da sauƙin shiga amma ba ya fita. Rana ba ta ƙone shi kamar kulorin, matata ba ta kama shi. Idan an zarce, hanya mafi sauƙi ita ce zubar da wani kaso na ruwan a kawo sabo.

Rani da damina

Wannan batu ya fi muhimmanci a ƙasa mai zafi. Ruwan da rana ta ƙafar yana tashi ne shi kaɗai, ya bar gishirinsa a baya. Kwamin misalinmu yana da fili murabba'in mita 50. Idan ya ragu da milimita 5 a rana, lita 250 ke nan, ko 7,500 a wata. Idan ana cike gurbin da ruwa mai tauri 100, taurin kwamin zai ƙaru da 12.5 kowane wata ba tare da an sayi komai ba. A haɗa da abin da garin kulorin ke bari, za a ga cewa a ƙarshen bazara matsalar kan zama yawa ne maimakon ƙaranci, musamman da yake ruwa mai ɗumi ya fi saurin aza ƙanzo, kamar yadda butar shayi ta nuna. Da damina kuma ruwan sama ya cika kwami ya malala, taurin ya sauka. Saboda haka lokutan da suka fi dacewa da awo su ne ranar da aka cika kwami da sabon ruwa, da ƙarshen bazara, da tsakiyar damina.

Aiki a aji

Malamai za su iya gwada wannan da kayan da ke ɗakin gwaji. A zuba ruwan sama da na famfo da na rijiya a kwalabe uku, awo ɗaya, a riƙa ɗiga ruwan sabulun sanda ana girgizawa, a ƙirga ɗigo nawa kowace ta ci kafin kumfa ta tsaya. Bayan haka a narkar da cokali ɗaya na gishirin girki, da na yuriya, da na kalsiyam kulorayid a kofuna uku, a tsoma ma'aunin zafi. Na gishiri kusan ba zai sauya ba, na yuriya zai yi sanyi, na kalsiyam kulorayid zai yi ɗumi. Gwaji na ƙarshe shi ne na tantance buhu: giram 29 na mai kashi 77 a duro mai lita 200 ya kamata ya ƙara tauri da 100. Idan awo ya nuna ƙasa da haka sosai, an yi wa kayan algus.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma a kan farar ƙasa da ɓawon ƙwai da gaurayayyen gishiri maganarsu ta tabbata. Amma buhun kalsiyam kulorayid mai tsabta yana yin aikin da ƙaramar robar kanti ke yi daidai wa daida, tunda sinadarin ɗaya ne. Abin da ake nema daga mai kwami shi ne ya auna ruwansa kafin ya je kasuwa, ya karanta jikin buhu kafin ya biya, ya yi lissafi kafin ya zuba. Ɗalibin da ya iya waɗannan uku zai yi amfani da su a kwamin kifi, da tankin ruwan makaranta, da buhun takin da za a kai gona.